Randar da Ba Ta da Baki

Ranar da aka kai Gwaggo Tumba makwancinta
akwai randa guda a rumfa,
an gina ta har wuya, ba a yi mata baki ba.
Tsumman da ta lulluɓa mata yana nan da danshinsa.

Kwana bakwai ina yayyafa masa ruwa da asuba,
kamar mai jinya,
ban ɗaga na duba ba.

Ige ta ce a farfasa ta a mayar cikin kwaɓi,
ai yumɓu ba ya takaba.
Lanti ta ce a bar ta yadda take.
Muna cikin haka sai ga Nomau daga Bakura,
ya jingine kekensa, ya yi mana gaisuwa,
ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce:
“Randar nan da na ba da kafin alƙalami...
maiɗakina ta kusa sauka,
ruwan jarka kuwa zafi gare shi.”

Shekara goma sha ɗaya ina gindin Gwaggo.
Ni ke zuwa fadamar Bakalori haƙo yumɓu,
ni ke daka tsingaro, in tankaɗe,
in taka kwaɓi har dugadugaina su tsage.
Kasko na iya, tanda na iya, asusun yara ma haka.
Amma bakin randa nata ne.
Takan ce, “Ciki kowa na yi, ɗiyata,
a baki ake gane mai hankali.”

Na yaye tsumman.
Ga sawun babban yatsanta a ciki,
jere, yana hawa kamar matakalar rumbu,
ya zo wuya ya tsaya.
Na sa nawa a gurbin na ƙarshe.
Ya yi mini yawa.

Na murza yumɓu, na ɗora, na zagaya da baya
yadda take zagayawa,
jiƙaƙƙen ganyen mangwaro tsakanin yatsuna.
Sau uku yana zubewa.
A na huɗu ya zauna, ya ɗan karkace hagu,
kamar ɗankwalin wadda ta fito da gaggawa.

Daren gashi ba wanda ya san yawan karan da za a sa.
Da ido take aunawa, idon kuwa yana ƙasa.
Muka jera, muka rufe da kara da busasshiyar kashin shanu,
Ige ta yi bisimilla ta cinna.
Can tsakar dare muka fara jin su,
tas, tas,
kowace ƙara sai Lanti ta dafe ƙirji ta ƙirga.

Talatin muka sa. Sha tara suka fito.
Da Gwaggo ce, da biyu kawai za a rasa,
kuma da sai ta yi mana faɗan biyun har azahar.

Randar tana ciki.
Na tono ta daga toka da sanda,
na yayyafa mata ruwan bagaruwa tana huci.
A wuyanta akwai zare siriri
inda hannunta ya ƙare, nawa ya fara.
Wuta ba ta ɓoye shi ba.

Ran Talata a kasuwar Mafara
Nomau ya ƙwanƙwasa cikinta da zobensa,
ta amsa, rau, har mai goro ya waiwayo.
Ya ƙwanƙwasa bakin.
Ya saurara.
“Wannan muryar daban ce,” in ji shi.
Na ce, “Daban ce.”
Ya cika kuɗinsa, ya ɗaure ta da igiya a bayan keke,
ya tura da ƙafa, bai yarda ya hau ba.

Da yamma na tattara fasassun nan sha ɗaya
na zuba a turmi.
Gobe za su shiga sabon kwaɓi.
’Yar Lanti, mai shekara tara, ta ɗauko taɓarya
ta fi ta tsawo.
Na ce ta fara wanke hannu.